Dillali ya ce in ba da kafin alƙalami tun ban ga masu gida ba, in bayar?

"Assalamu alaikum Barista. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, na daɗe ina zaman haya a Ɗorayi da iyalina. Allah ya hore mini abin da ya kai naira miliyan 20, ina so in sayi gidana na farko. Wani dillali da muke salla a masallaci ɗaya ya nuna mini gida can wajen Rijiyar Zaki, ɗaki uku da falo, kuma ya kwanta mini a rai. Ya ce gidan gado ne, magadan sun wakilta babban wansu, takardar da ke akwai kuma ta mai unguwa ce. Yanzu yana matsa mini in ba da miliyan 2 kafin alƙalami ta hannunsa cikin makon nan, wai akwai wani Alhaji da ya taya. Da na ce ina son ganin masu gidan sai ya ce ba a haka, sai ciniki ya faɗa. Shin haka ake yi? Nawa ne la'adarsa a ƙa'ida? Ko kuwa in rabu da dillalai gaba ɗaya in nema da kaina?"

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya sanya albarka a cikin abin da ya ba ka, ya kuma sada ka da gida mai alheri da maƙwabta na gari.

Tambayoyi uku ka jero, amma duk wuri ɗaya suka nufa: wane aiki ne na dillali a cinikin gida, wanne ne kuma ba nasa ba. Amsata a taƙaice ita ce kada ka ba da wannan kuɗi a yadda aka tsara maka, kuma kada ka rabu da dillalin. A Kano gidajen sayarwa ba a jere suke a wata rajista da kowa zai buɗe ya duba ba. Labarinsu a bakin dillalai yake, su suka san gidan da magada ke shawarar sayarwa tun kafin a yi sadakar arba'in, su suka san wanda bashi ya ci wa tuwo a ƙwarya yana neman mai saye a asirce. Idan ka ce da ƙafarka za ka nema, kana rumfa tun safe har la'asar, za ka daɗe kana biyan kuɗin haya. Ka yi amfani da dillali wajen nemo gida da daidaita farashi. Tantance mallaka da riƙe kuɗi kuwa, ka cire hannunsa daga ciki ko da limamin masallacinku ne.

Dillali na wa ne?

Masu sayen gidan farko sukan ɗauka dillalin da ya ɗauke su a babur ya zagaya da su unguwanni nasu ne. Shi ma mai gida yana can yana ganin nasa ne. Gaskiyar ita ce dillali na ciniki ne. Idan ciniki ya faɗa ya samu la'ada, idan ya wargaje ya yi asarar mai da katin waya da kwanakinsa. Saboda haka duk abin da zai jinkirta ciniki, kamar binciken takardu, ko jiran wata magajiya da ke aure a Zariya, ko kawo magini ya duba tsagar bango, a wurinsa barazana ce ga abincin 'ya'yansa. Wannan ba zagi ba ne. Na yi aiki da dillalai masu tsoron Allah waɗanda da bakinsu suka ce wa mai saye ya janye saboda sun ji ƙishin-ƙishin rigima. Amma ba daidai ba ne ka ɗora wa mutum aikin gano aibin abin da sai an sayar zai ci.

To me ya sa ya hana ka ganin masu gidan? Dalilin da ya fi yawa, kuma mai ƙarfi ne, shi ne tsoron a zagaye shi. Babu dillalin da bai taɓa haɗa mai saye da mai sayarwa ba, su karɓi lambar juna, bayan mako biyu ya ji an yi ciniki an tare, shi ko na goro bai gani ba. Kai ɗan kasuwa ne, ka san ciwon wannan.

Akwai kuma yiwuwar shi kansa bai san masu gidan ba. Ya ji ne daga wani dillali, shi ma daga wani ya ji, sai ka tarar mutum huɗu ko biyar na 'yan kayi-nayi ne tsakaninka da ainihin mai magana. A irin wannan sarƙa labari yana canzawa a hanya: gidan da aka ce magada duk sun yarda, idan ka isa tushe sai ka tarar mutum ɗaya ne ya fitar da shi kasuwa don ya ji farashi.

Na uku shi ne ɗori. Masu gida sun ce miliyan 17 suke so, kai an gaya maka 20, bambancin ya tsaya a tsakiya. Malamai suna da bayani kan halin da mai kaya da kansa ya ce wa dillali ya sayar a kaza, abin da ya hau nasa ne, kuma akwai magabatan da suka halatta hakan. Amma wannan daban yake da dillalin da zai ce maka "mai gida ya ce ba zai sallama ƙasa da 20 ba" alhali ƙarya ne, sannan ya dawo ya karɓi la'ada a kan kuɗin da ya ƙara.

Abu ɗaya ne yake warware maka ko wanne daga cikin ukun kake fuskanta. Ka zauna da shi da shaidu biyu, ku rubuta 'yar takarda: idan ka sayi wannan gida, ko yau ko bayan wata shida, ko ta hannunsa ko ta wata hanya, la'adarsa kaza ce kuma za ka biya ranar da aka miƙa maka takardu da makullai. Ku sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Ka kashe masa tsoron zagaye ke nan. Idan bayan wannan ya kai ka gaban magada, ka samu abokin tafiya. Idan har yanzu yana kewaye-kewaye, to ba zagaye yake tsoro ba, kuma ka san abin da ya rage. Ba a cinikin biri a sama, balle na miliyan 20.

Batun la'ada

Abin da aka saba ji a cinikin gida da fili a nan shi ne kashi 5 cikin 100 na kuɗin ciniki. A miliyan 20 ya kama miliyan 1 ke nan. Al'ada ce, ba wata doka ce ta yanka wa dillalan unguwa wannan adadi ba, don haka ana ciniki a kai, musamman idan kuɗin gidan ya yi nauyi. Abin da yake haddasa faɗa ba yawan la'adar ba ne, rashin fayyace wa zai biya ne. Wani wuri mai saye ne kaɗai, wani wuri kowane ɓangare yana ba da nasa, wani lokaci kuma mai gida yakan ce kuɗinsa cif yake so, la'ada tana kan mai saye. Ka tambaya tun kafin ka taya. Ka kuma faɗa ƙarara cewa la'ada ɗaya za ka biya, a hannun mutum ɗaya, su je su raba tsakaninsu. In ba haka ba, ranar biyan kuɗi za ka ga fuskoki shida a ƙofar gida, kowa yana cewa shi ya fara jin labarin gidan.

Ɗan abin da za ka ba shi na mai da ruwa ranar da kuka zagaya, wannan ihsani ne, ka bayar da daɗin rai. Amma la'ada ba a biyan ta gaba.

Akwai ƙwararrun masu ƙiyasta darajar gidaje da suka yi karatun abin, waɗanda hukumar ESVARBON, da aka kafa da dokar 1975, take yi wa rajista kuma take iya hukunta su. Mafi yawan dillalan unguwa ba sa ƙarƙashinta. Abin da ke tsare su shi ne sunansu da ƙungiyarsu da majalisar da suke zama. Saboda haka ka san inda naka yake zama, ka san shugabansu, ka nemi wanda ya taɓa sayen gida ta hannunsa shekara uku ko huɗu da suka wuce ka ji ko har yanzu suna gaisawa. Haɗuwa a sahu ɗaya tana nuna mutum yana salla, ba ta nuna ya iya karanta takardar fili.

Shi kuma "wani Alhaji ya taya", kusan kowane mai sayen gida a garin nan ya taɓa jin labarin wannan Alhajin. Wani lokaci da gaske ne. Sau da yawa kuma dabarar zaburar da kai ce, kuma idan aka ƙirƙiri mai tayi don kawai a ɗaga farashi, shi ne najashin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana. Ko da gaske ne ko ba da gaske ba, amsarka ɗaya ce: idan rabonsa ne Allah ya sa masa albarka.

Gidan gado: nan ne gizo ke saƙa

A cikin duk abin da ka faɗa, wannan ne ya fi tayar mini da hankali, fiye da rashin takardar gwamnati. Daga lokacin da mai gida ya rasu, bayan an biya bashinsa an zartar da wasiyyarsa, gidan ya zama na magada gaba ɗaya, kowa da rabonsa: matar mamaci da tumuninta idan akwai 'ya'ya, iyayensa idan suna raye, 'ya'ya maza da mata. Babban wa ba shi da ikon sayar da rabon ƙanwarsa don kawai shi ne babba. Girma ne ake ba shi, ba mallaka ba. Wanda ya sayar maka da abin da ba nasa ba bai ba ka komai ba, a shari'ar Musulunci da dokar ƙasa duka.

Na taɓa raka wani mai saye zaman ƙarshe a wani gida a cikin gari. An shimfiɗa tabarma a soro, maza uku suna zaune, takarda a rubuce, biro a hannu, dillali sai duba agogo yake yi. Na ce a karanto mini sunayen 'ya'yan marigayi. Aka lissafo bakwai. Na ce ina huɗun? Babban ya ce ai mata ne, sun bar masa wuƙa da nama. Na nemi a yi mana iso. Daga bayan labule wata dattijuwa ta ce ita dai an ce mata za a sa 'yan haya ne, yau ta fara jin maganar sayarwa, kuma 'yar'uwarsu da ta rasu bayan mahaifinsu ta bar yara ƙanana. Nan ciniki ya tsaya. Bayan wasu watanni, da aka bi ta kotu, mutumin ya sayi gidan a farashin da aka yi tun farko, da takardar alƙali a hannunsa.

Ka lura da zancen 'yar da ta rasu bayan mahaifinta. Rabonta bai mutu da ita ba, ya gangara ga nata magadan, har da mijinta. Irin wannan gado a kan gado shi ne yake fitowa bayan shekara goma, lokacin da marayun suka girma suka samu mai gaya musu, kai kuma ka riga ka rushe ka ɗora bene.

Hanyar da ta fi tsafta ita ce a bi ta kotun shari'ar Musulunci da ke da hurumi a wurin. Alƙali ya tantance magada, ya tabbatar da wakilcin wanda aka wakilta, ya duba maslahar marayu idan akwai su, a sayar da izinin kotu, a ba ka takardar da ta nuna haka. Idan an riga an yi rabon gado a kotu, ka nemi kwafin hukuncin, lauyanka ya je rajistar kotun ya tabbatar daga can ya fito. Idan kuwa sun ce su ba sa son kotu, a gida suka daidaita, to mafi ƙarancin abin da zan yarda da shi shi ne kowane magaji baligi, namiji da mace, ya bayyana da kansa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa gaban shaidun da suka san gidan. Wanda ke nesa ya aiko wakilci a rubuce, a kuma kira shi a ji muryarsa. Idan akwai ƙaramin yaro a cikin magada, ban ba ka shawarar ka tsallake kotu ba.

Sai kuma shuf'a. A mazhabar Malikiyya, idan ɗaya daga masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da rabonsa ga bare, abokin tarayyarsa yana da haƙƙin ya biya kuɗin da aka saya ya karɓe. Idan duk sun taru sun sayar, babu wannan magana. Tana tasowa ne idan ashe wasu ne suka sayar wasu ba su sani ba. Cikakken hukuncinta na malaman fiƙihu ne da alƙalai, ni dai ina nuna maka ƙofar da rigima take shigowa ne.

Takardar mai unguwa

Tun da aka yi Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna a matsayin amana, abin da ɗan ƙasa yake riƙewa shi ne haƙƙin zama da amfani. Takardar da ke shaida wannan haƙƙi ita ce wadda kowa ke kira C of O, kuma ta gidan zama yawanci shekara 99 ake rubuta mata. Amma duk wanda ya san Kano ya san unguwanni da yawa na bayan gari awon igiya ne: gona ce mai ita ya yanka ya sayar, aka yi takarda gaban mai unguwa ko dagaci, gari ya taso ya haɗiye wurin. Dubban mutane suna zaune lafiya a irin waɗannan gidaje, don haka ba zan ce maka kada ka saya ba. Sai dai ka san abin da kake saye, kuma farashin ya nuna hakan.

Takardar mai unguwa shaida ce cewa an yi ciniki tsakanin wane da wane a gabansa. Ba ta tabbatar da cewa wurin bai faɗa cikin tsarin gwamnati ba, ba ta hana a ce titi ne ko filin makaranta ko maƙabarta, kuma banki ba ya karɓar ta jingina. Darajarta tana cikin sarƙarta. Ka nemi a nuna maka takardar da marigayin ya saya da ita, da ta wanda ya sayar masa, har zuwa mai gona idan zai yiwu, kuma na asali, ba hoto a waya ba. Ka je wurin mai unguwar da kanka, ba tare da dillalin ba, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka tambaye shi tarihin gidan da ko ya taɓa zama a kan wata rigima da ta shafe shi.

Daga nan sai ofisoshin gwamnati. Safiyo ya ɗauki ma'aunin wurin, a kai hukumar KANGIS, mai adana bayanan filayen Kano, da ma'aikatar ƙasa a duba ko akwai fayil a kansa, ko an taɓa ba wani, ko yana cikin wurin da gwamnati ta karɓa. A duba a KNUPDA, hukumar tsara birni, ko ginin ya shiga hanya ko magudanar ruwa. Da ido ma za ka iya ganin wasu abubuwan: gidan da ke ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki ko a bakin kwari, kome arahar sa, ka bar shi. Wanda ke neman gida a gefen gari kuma ya tambayi inda layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da bututun gas na AKK (Ajaokuta-Kaduna-Kano) suka bi.

Ko da gida yana da C of O, binciken fayil wajibi ne, domin a nan ake ganin ko an jinginar da shi a banki, ko ana bin sa harajin ƙasa na shekaru, ko sunan da ke fayil ba na mai sayarwa ba ne. Kotun Ƙoli ta nuna a shari'ar Ogunleye da Oni ta 1990 cewa C of O ba ta ba mutum mallakar da tun asali ba shi da ita. Rusau ɗin da aka yi a Kano a watan Yunin 2023, a Filin Idi da tsohon otal ɗin Daula, ya kuma koya wa mutane cewa wurin da asalinsa na jama'a ne yana iya zama abin jayayya idan gwamnati ta sauya, ko da akwai takarda. Sannan sashe na 22 na dokar 1978 ya ce ba a miƙa irin wannan haƙƙi ga wani sai da amincewar gwamna. Mutane da yawa suna saye su ajiye C of O mai sunan wani a ƙarƙashin katifa, ba su nemi amincewar ba, ba su yi rajista ba. Ranar da za su sayar ko magadansu za su raba, sai a shiga neman mutumin da ya daɗe a kabari ya sa hannu.

Duk wannan aikin lauya ne da safiyo, kuma kai za ka zaɓe su ka biya su. Idan dillali ya ce yana da lauyansa da zai rubuta muku takarda a sauƙaƙe, ka gode masa ka kawo naka.

Gidan kansa

Ranar da dillali ya kai ka, ya zaɓi lokacin da gidan ya fi kyau. Ka koma kai kaɗai. Idan damina ce, ka je washegarin ruwa mai ƙarfi ka ga inda ruwan lungun yake kwana. Idan rani ne, ka duƙa ka dubi gindin bangon waje: layin danshi da gishiri-gishirin da ke cin filasta suna faɗin iyakar inda ruwa ya kai bara. Sabon fenti a gidan da za a sayar ba abin murna ba ne, ka ƙwanƙwasa ka ji ko filastar tana amsa kamar ganga. Ka ɗaga kai ka dubi silin ko akwai tabon yoyo. Ka auna tazarar shadda da rijiya. Ka tambayi tsofaffin unguwa abin da ke wurin kafin a yi gini, domin gidan da aka ɗora a kan kududdufin da aka cike da shara yakan fara tsagewa daga kusurwar tagogi, kuma ba ya dainawa. Ni ba injiniya ba ne, don haka ka ɗauki magini ko injiniyan da ka yarda da shi, wanda ba shi da rabo a cinikin, ya hau rufi ya sauko ya gaya maka kuɗin gyara kafin ka taya.

Mai shayin bakin layi da mai kanti sun fi kowa sanin ko ana samun wuta, ko ruwan rijiyoyin layin yana ƙafewa a watan Afrilu, ko akwai matattarar 'yan shaye-shaye a kangon baya. Ka sayi shayi ka zauna. Ka nemi takardar kuɗin wuta ta ƙarshe ka ga ko akwai bashi a kan mita. Idan da 'yan haya a ciki, ka san yaushe kuɗinsu zai ƙare, kuma a rubuta cewa masu sayarwa ne za su sallame su kafin ka cika kuɗi. Fitar da ɗan haya yana da matakai na sanarwa da kotu, ba abin da za ka so ka gada ba ne kana ɗauke da kaya a mota.

Kafin alƙalami da hanyar kuɗi

Kafin alƙalami ba laifi ba ne idan ya zo a muhallinsa: bayan ka ga masu gida, ka ga takardu na asali, kun yi ciniki an sallama. Amfaninsa shi ne a janye gidan daga kasuwa na 'yan makonni har bincike ya kammala. Ya shiga asusun masu gida ko na kotu, ba na dillali ba, kuma a rubuta cewa yana cikin kuɗin gida, sannan idan bincike ya nuna matsala a mallaka za a mayar maka da shi cikakke cikin kwana kaza. Sharaɗin cewa idan ka fasa kuɗin ya zama nasu, malaman Malikiyya ba su yarda da shi ba, Hanbaliyya ne suka halatta, don haka kana da hujjar ƙin sa hannu a kansa.

Sauran kuɗin ma ta banki. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum ɗaya biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba, kuma ko ba don doka ba, shaidar tura kuɗi mai suna da kwanan wata ta fi rantsuwar shaidu goma. Na san a Kwari ana yin cinikin miliyoyi da baki da musafaha, amma atamfa tana ƙarewa a shekara, gida kuwa jikoki za su gada. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubutawa da kafa shaidu ta sauka. A rubuta ainihin farashin da ka biya. Rage shi a takarda don a rage haraji yana nufin idan ciniki ya warware, abin da ke rubuce kaɗai za ka iya nema.

Lissafinka ma yana buƙatar gyara. Idan miliyan 20 ce duk abin da ka tanada, gidan miliyan 20 ya fi ƙarfinka. Akwai la'ada, kuɗin lauya da safiyo, kuɗin bincike, harajin hatimi da rajista, kuɗin neman C of O daga baya tunda awon igiya ne, ga gyara da ba a rasawa a tsohon gida. Ka nemi wanda zai bar maka sarari, don kada ka taɓa jarin rumfa. Gidan da ya cinye jari, mai shi yakan koma wurin dillalin nan bayan shekara biyu, wannan karon a matsayin mai sayarwa.

Ban ga takardun gidan nan ba, ban kuma zauna da magadan ba, don haka ba zan yanke maka hukunci a kansa ba, kuma duk abin da na faɗa game da ofisoshi na Kano ne. A Kaduna KADGIS ce, a Abuja AGIS, kowace da tsarinta da kuɗaɗenta. Abin da zan ce ka yi a makon nan shi ne ka samu dillalin bayan sallar isha, ku biyu, ba cikin jama'a ba don kada ya ji an muzanta shi. Ka ce masa gidan ya yi maka kuma kuɗi na nan a ajiye, ga takardar la'adarsa a sa hannu, kai kuma abu uku kake so kafin naira ɗaya ta fita: zama da magada gaba ɗaya, ganin takardu na asali, da mako uku na bincike. Ka roƙe shi ya ci gaba da duba maka wasu gidajen a Ɗanbare ko Sabuwar Gandu ko inda kuɗinka zai kai, don kada zuciyarka ta rataya a kan guda ɗaya. Idan ya kawo ranar zaman, ka tafi da lauyanka da wani dattijo daga danginka, ku fara da tambayar sunayen 'ya'yan marigayi da matansa, da waɗanda suka rasu a bayansa.